Ajin Tafi-da-Gidanka a Agege: Yadda Muka Ƙara wa Nazare Gurbi a Filin Haya

Duk watan Satumba akwai aikin da shugabar makarantarmu ta fi ƙi a cikin shekara. Takan zauna a bakin ƙofa da littafin rajista a cinyarta, iyaye mata na zuwa da yara riƙe da hannu, tana ce musu babu gurbi. Wasu ma ta koyar da su karatun allo suna 'yan mata, yau ga su da nasu 'ya'yan, ita kuma ba ta da inda za ta zaunar da su.

Makarantar ta al'umma ce, a wani lungu na Agege, a Legas, da ba shi da nisa da layin dogo. Asalinta Islamiyyar yamma ce, daga baya aka buɗe nazare da safe a ɗakuna biyu na gidan da muke haya. Ni ɗan kwamiti ne, littafin kuɗi a hannuna yake. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa daga Idi-Araba da Mile 12 sun sha tambayata yadda muka yi azuzuwa da kwantena, kuma amsar da nake ba su a tsaye ba ta isa ba.

Hausawa sun daɗe a Agege, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar goro yana haurawa Arewa, amma har gobe yawancinmu 'yan haya ne. Wannan shi ne tushen matsalar tamu, ba rashin bulo ba. Buƙatar kuwa kullum ƙaruwa take. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara guda kafin firamare. Iyaye sun gane cewa yaron da ya shiga aji ɗaya bai taɓa riƙe fensir ba, a baya yake farawa. Firamaren gwamnati na da azuzuwan ƙanana, sai dai uwa ba za ta saki ɗan shekara uku ya tsallaka tsohon titin Abeokuta ko layin dogo ba, kuma ita ma tana da sana'arta. Tana son makarantar da ke bayan gida, inda malama za ta rarrashi yaron da Hausa, ya dawo da Fatiha a bakinsa. Ba mu kaɗai ke haka ba. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu sama da 12,000 a jihar Legas, galibinsu ƙanana irin tamu.

Hanyoyin da muka duba muka bari

Shawarar farko ita ce a roƙi mai gida ya bari a ɗora bene. Ba ta kai ko'ina ba. Liman ne ya kashe ta da kalma biyu: Ita-Faaji. Duk wanda ke Legas a ranar 13 ga Maris, 2019 ya tuna benen da ya rufta a tsibirin Legas da makarantar yara a samansa, aka yi ta zaƙulo ƙanana daga ƙarƙashin ɓaraguzai, kusan mutum 20 suka rasu. Gidan namu tsoho ne, babu wanda ya san zurfin tushensa. Ba wanda ya sake ta da maganar.

An ce a raba yaran, wasu safe wasu rana. Rana ta Islamiyya ce, ɗakunan ba su da hutu. An nemi wani gidan haya, abin da ejan ya nuna mana ko dai ɗakuna ne marasa taga ko kuma kuɗin ya fi ƙarfinmu.

Sai filin da ke jikin katangarmu, inda ake ajiye baro da tsofaffin tayoyi. Na wani gidan Yarbawa ne, mai shi ya rasu, magada ba su daidaita a kan sayarwa ba. Babban cikinsu ya ce za su ba mu haya na 'yan shekaru, da sharaɗi ɗaya: kada mu kafa ginin bulo, don kada gobe mu ce muna da haƙƙi a wurin. Mu ma ba mu so. Wani dattijo a kwamitin, wanda ya taɓa asarar shago a irin wannan hali, ya ce, "Malam, zanen aro ba ya rufe katara. Ku zuba kuɗin jama'a a ƙasar wani, ranar da ya ce ku tashi, bulo za ku ɗauka a ka?"

A wannan zaman ne wani uba, direban tirela da ke ɗauko kaya daga Apapa, ya ce to a yi ginin da za a iya ɗauka. Ya ba da misalin makarantar Vetland, nan yankinmu, inda Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe azuzuwan da aka haɗa da kwantena a 2022. Waccan ƙaramar sakandare ce, aikin gwamnati, da allunan zamani da sola. Ba mu yi mafarkin kamo ta ba. Amfanin da ta yi mana shi ne ta cire wa mutane tunanin cewa kwantena sai mai sayar da kati ko kayan masarufi.

Iyaye mata ba su karɓa nan take ba. A taron da aka kira, wata Hajiya mai tuwo ta miƙe ta ce, "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yan namu kaji ne da za a zuba su a akwatin ƙarfe? Ni a kwantena nake sana'a. Ƙarfe sha biyu na rana ko ni babba sai na fito." Wasu maza suka so su yi mata gardama. Ni dai a raina na san gaskiya ta faɗa, kuma duk abin da muka yi daidai daga baya, amsa ce ga wannan maganar tata. Ta tuna mini da azuzuwan Lateef Jakande, wanda ya mulki Legas daga 1979 zuwa 1983. Ya zo ya tarar yara na karatu kashi-kashi, safe da rana da yamma, ya gina azuzuwa masu sauƙi da sauri har ya kawar da wannan tsari. Masu suka sun kira su akurkin kaji. Amma dubban yara a ciki suka yi karatu, kuma wasu daga cikin gine-ginen da aka ɗauka na wucin-gadi ne sun shafe shekaru da dama ana amfani da su. Duka ɓangarorin biyu na labarin sun shafe mu.

Abin da injiniya ya koya mana, da kuskuren da muka yi

Mun nemi injiniya mai rajista, muka biya shi. Wasu sun ga kamar ɓarnar kuɗi ce tunda ga mai walda a unguwa. Da ba mu yi ba, da mun yi nadama.

Ya bayyana mana cewa ginin harhaɗawa iri biyu ne a kasuwar Legas. Akwai wanda ake ƙera ƙashinsa da ƙarfe a wurin aiki, a kawo bango da rufi falle-falle a ɗaure da noti. Akwai kuma tsohuwar kwantenar jirgin ruwa da ake gyarawa. Na farkon ya fi ba da damar faɗi da tsayi yadda kake so. Mun zaɓi kwantena ne don dalili ɗaya: ranar tashi, motar ƙugiya za ta ɗaga ta ɗungurungum, kuma ko makarantar ta rasa wuri, kwantena kadara ce da ake sayarwa a kowane lokaci.

Kwantena faɗinta ƙafa 8 ne a waje, a ciki bai kai mita 2.4 ba. Wannan lungu ne, ba aji ba. 'Yan nazare ba sa zama layi-layi kamar 'yan jarrabawa. Suna zama a da'ira kan tabarma, su tashi su yi waƙa, su kwanta barci. Dole sai an jera biyu gefe da gefe, a yanke bangon tsakiya, a sami faɗin da ya kusa mita 5. A nan ne hatsarin yake. Nauyin kwantena a kan ginshiƙanta huɗu na kusurwa yake sauka, amma wannan bango mai lanƙwasa-lanƙwasa shi ke hana rufin lotsawa. Ka yanke shi ba ka sa katon ƙarfe ya maye gurbinsa ba, rufin zai fara sunkuyowa a hankali, a kan yara. Haka duk taga da ƙofar da aka huda, sai an zagaye ta da ƙarfe an yi walda.

Kuskurenmu kuwa namu ne, mu 'yan kwamiti. Mun yi gaggawar ba da kafin alƙalami a kan dogaye biyu masu ƙafa 40 kafin injiniya ya zo ya ga wurin. Mun auna fili, ba mu auna hanya ba. Da direban nan namu ya zo ya dubi kwanar lungun da wayoyin wuta da ke rataye ƙasa-ƙasa, sai ya girgiza kai, ya ce ko shi ba zai shigo da ita ba. Muka koma kan gajeru huɗu masu ƙafa 20, biyu-biyu, kowane aji ya tashi kusan mita 6 a tsawo. Mai sayarwar bai mayar mana da kuɗin duka ba. Ni na tsaya gaban iyaye na faɗi abin da ya salwanta, kuma ban ji daɗin wannan ranar ba.

Canjin ya jawo wani abu. Akwai kwantena masu tsayin ƙafa 9 da rabi, amma galibi dogayen ne. Gajerun da muka samu ƙafa 8 da rabi ne, idan aka sa silin sai rufin ya ƙara yin ƙasa. Fankar sama ba ta yiwu ba, domin malama na iya ɗaga yaro hannunsa ya kai. Fankar bango muka sa, can sama inda ƙaramin hannu ba ya isa.

Maganar zafi ita ta cinye mafi yawan tunani da kuɗi, kuma ta cancanta. Ƙarfe na shan rana ya zubo ta ciki. Abu mafi amfani da aka yi shi ne rufi na biyu: kwano da aka ɗaga sama da kwantenar, aka bar sarari a tsakani iska na ratsawa, aka kuma zarce da shi gaba ya zama rumfa. Rana ba ta taɓa saman kwantenar kai tsaye, ruwan sama ma a kan kwanon yake duka, don haka ƙarar ba ta hana a ji malama. Aka shafe waje da farin fenti. A cikin bango aka jera abin tare zafi kafin a rufe da allo. A nan ma an yi ja-in-ja. Farin soson nan da ake naɗe firji da talabijin ya fi araha, amma yana kamawa da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Injiniya ya ce ba zai sa hannu a kansa ba a ɗakin da yara ke barci. Muka sayi audugar dutse, wadda ba ta ci da wuta. Tagogi aka huda a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, aka sauko da su ƙasa daidai inda yara ke zaune, da raga saboda sauro. Tagar da ke can sama babba take yi wa fifita, yaron da ke kan tabarma bai san da ita ba.

Akwai abin da ban taɓa sani ba sai a wannan aikin. Katakon daɓen kwantena ana jiƙa shi da maganin ƙwari tun daga masana'anta, don kada ya ɗauki ƙwari daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ana rubuta irin maganin a farantin ƙarfen da ke jikin ƙofa. Ba ka kuma san me ta yi shekaru tana ɗauka ba. Babba na taka shi da takalmi ya wuce. Ɗan shekara uku kwanciya yake a kai, ya tsinci biskit ɗinsa ya mayar baki. Mun ciccire katakon duka, aka sa sabo aka shimfiɗa leda mai kauri. Tsohon fentin ciki ma aka kankare shi a can wurin masu walda, nesa da makaranta, domin fentin jirgin ruwa kan ƙunshi dalma.

Sauran an yi su ba tare da gardama ba. Ginshiƙan kankare a ƙarƙashin kowace kusurwa, an ɗaga su sama da inda ruwan watan Yuli ke kaiwa idan kwata ta cika. Sandar tagulla da aka kafa a ƙasa aka haɗa da jikin kwantenar, da na'urar da ke yanke wuta da kanta, tunda ɗakin gaba ɗaya ƙarfe ne. Ƙofa biyu a kowane aji, masu buɗewa waje.

Takardu da lissafi

Da yawa sun ce mana kwantena ba gini ba ce, babu ruwanmu da izini. Ba mu saurare su ba, kuma ina roƙon duk mai niyya kada ya saurara. A Legas akwai hukumar da ke ba da izinin gini, LASPPPA, da wadda ke sa ido kan ingancinsa, LASBCA, sannan ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha shi ke duba makarantu masu zaman kansu. Kowa ya ga yadda ake kwashe kwantenonin da aka dasa a bakin kwata ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. Takardunmu sun fi aikin walda ɗaukar lokaci, kuma yawancin jinkirin daga wajenmu ne: yarjejeniyar hayar da muka fara kaiwa mutum ɗaya ne ya sa mata hannu. Lauya ya mayar da mu, ya ce sai wakilan kowane ɗaki na magadan sun sa hannu, kuma a rubuta ƙarara cewa kwantenonin mallakin makaranta ne, muna da damar ɗauke su. Wannan layin shi ne mafi daraja a duk takardar.

Ga abin da mutane ba sa son ji. Bai yi araha ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, kwantena da ƙarfe da audugar dutse duk dala suke bi. Kwantenar kanta ba ita ce mai tsadar ba. Abin da ke mayar da ita wurin da yaro zai zauna shi ne: rufi na biyu, abin tare zafi, sabon daɓe, ƙarafan ƙarfafawa, hayar motar ƙugiya. Da na haɗa lissafi, abin da muka kashe bai yi nisa da kuɗin ɗakuna biyu na bulo ba. Wanda ya ce maka ya yi da rabin kuɗi, ka je ajinsa a watan Maris da tsakar rana, ka duba abin da ya tsallake.

Ribar tana wani wajen. Ana zuba ginshiƙai a fili, masu walda na aiki a wurinsu a lokaci guda. Yara ba su shaƙi ƙurar siminti ba, ba su taka ƙusa ba. Cikin dogon hutu aka kawo su da asuba kafin hanya ta cushe, aka sauke, aka ɗaure. Ranar komawa makaranta aji biyu na jira. Babbar ribar kuma, mun yi gini a inda ba a yarda mu yi gini ba, kuma kuɗin jama'a bai nutse a ƙasar wani ba.

Abin da zangon farko ya nuna

Mako na farko bai ƙare ba muka ga inda hankalinmu bai kai ba. Mun ninka yara, banɗaki yana nan guda biyu. Ɗan nazare ba ya bin layi ya jira. Malamai suka koma wankin wanduna. Dole muka fasa sayen lilo da sauran kayan wasa, muka yi ƙananan masai a cikin harabar tsohon gida da wurin wanke hannu daidai tsayin yara. Da tun farko muka tambayi masu rainon yaran, da sun gaya mana. Kwamitinmu a lokacin maza ne zalla, kuma wannan ne sakamakonsa. Yanzu akwai mata biyu a ciki, ɗaya ita ce Hajiyar da ta yi maganar kaji.

Sai malamai. Aji biyu na buƙatar malama biyu da mai raino, albashinsu kuma kowane wata ne, ba irin kuɗin gini ba da ake tarawa sau ɗaya bayan sallar Juma'a. Kuɗin makaranta ya ɗan ƙaru, wasu iyayen suka ji a jikinsu. A nan ne wasunmu suka kawo shawarar a ƙara yara a kowane aji don lissafi ya fita. Ni ma, da littafin kuɗi a gabana, na karkata can. Shugabar makaranta ta ƙi. Ta ce, "Alhaji, ƙa'idar gwamnati yara 25 ne ga malama ɗaya, ɗakin nan ma da kyar yake ɗaukar haka in sun kwanta. Ku ƙara goma, iskar da kuka kashe kuɗi a kanta ta tafi. Gara in ci gaba da ba iyaye haƙuri a ƙofa." Har yanzu takan mayar da wasu a Satumba, sai dai ba kamar da ba.

Zafin Fabrairu da Maris bai tafi gaba ɗaya ba. In babu wuta, daga sha ɗaya da rabi ajin kan yi nauyi, sai a fito da tabarmi ƙarƙashin rumfa a ƙarasa darasi. Rumfar da muka ɗauka ƙari ce ta zama aji na uku. Muna tara kuɗin sola ƙarama da za ta riƙe fankoki kawai.

Bayan damina ta farko tsatsa ta ɓullo a gefen tagogi, daidai inda aka yanka aka yi walda. Iskar Legas ɗauke take da laima da gishiri, ba ta raga wa ƙarfe. Injiniya ya tuna mana da makarantar nan mai yawo a kan ruwa ta Makoko, wadda Kunle Adeyemi ya zana, aka gama ta a 2013, duniya ta yaba, ta kuma rushe a ruwan watan Yunin 2016. Allah ya kiyaye an riga an kwashe yaran. Gini mai sauƙi yana son mai kula da shi kullum. Muka ware wani kaso daga kuɗin kowane zango, ba a taɓa shi sai don kankare tsatsa, fenti, da duba haɗin da ke tsakanin kwantena biyu, inda ruwa ke fara neman hanya.

Wa'adin hayar bai cika ba tukuna, amma kwanakin baya mun ga ɗaya daga cikin magadan ya zo da masu awo suna kafa turaku a bakin filin. Ba su ce mana komai ba, mu ma ba mu tambaya ba. Kwamiti ya wakilta mutum uku su fara neman wani wuri da bai wuce tafiyar ƙafar ƙaramin yaro ba, a wannan ɓangaren na layin dogo. Direban tirelar na cikinsu, da igiyar awo a aljihunsa. An nuna musu fili biyu zuwa yanzu, ya soke ɗaya tun daga bakin lungu.